Makonni takwas tsakanina da kwamfaila: yadda na koyi harshen Go a Kano

Shekara ta uku ke nan ina riƙe wa baffana littafin ciniki a shagonsa na atamfa da shadda da ke Kantin Kwari, kuma gajiya da lissafin hannu ce ta fara tura ni koyon rubuta manhaja. Na fara da harshen rubuta manhaja mai suna Python ni kaɗai ta hanyar kallon darussa a waya, har na haɗa wata 'yar manhaja da take tattara cinikin yini. Ta yi mini aiki kusan wata guda, sai wata Asabar da yamma, shago cike da 'yan sari suna jiran rasit, ta tsaya cak a tsakiyar lissafi. Da na bincika da daddare sai na ga a wani layi ina ƙoƙarin tara adadi da rubutu, kuma layin bai taɓa aiki ba sai ranar da aka fara yi wa wani ragi, shi ya sa kuskuren ya kwanta tsawon wata ba wanda ya gan shi. Wani abokina da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ya ce mini akwai harsunan da ba za su ma yarda manhajar ta tashi ba matuƙar irin wannan kuskuren yana cikinta, ya kuma ba ni shawarar in fara da Go. Na rubuta abin da ya biyo baya ne domin wanda zai bi wannan hanya ya san abin da zai tarar, kada ya ɓata makonnin da na ɓata ina faɗa da abin da ban fahimta ba.

Na sami wata cibiyar koyar da kwamfuta a wajajen Zoo Road, a saman bene, na je ranar Litinin da hantsi. Wadda take teburin karɓar baƙi ta ce in sayi fom naira 2,000, in kawo hoton fasfo guda biyu da kwafin takardar lambar ɗan ƙasa, sannan kuɗin karatun makonni takwas naira 45,000 ne, ana iya biya kashi biyu. Ban zo da hoto ba, sai da na sauka na nemi mai ɗaukar hoto, na dawo na tarar ta fita sallah, na zauna a benci fiye da awa ɗaya. Na tura kashin farko ta waya, ta rubuta mini rasit da hannu, kuma ina ba kowa shawarar ya adana irin wannan takarda, domin zan dawo kanta daga baya. Abin da ba a gaya mini ba sai bayan na biya shi ne ba a buɗe aji sai an sami mutum goma, saboda haka na yi mako biyu ina kira ana ce mini saura kaɗan. A wannan jiran ne na je Beirut Road na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, mai ram gigabait 4, wadda batirinta ba ya wuce awa ɗaya. Na yi fargabar ba za ta iya ba, amma har muka gama karatun ba ta taɓa gazawa a kan aikin Go ba. Batirin ne kawai ya riƙa kunyata ni duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta.

Ranar farko gaba ɗaya ta tafi ne a kan saka Go a kwamfutoci. Ana saukar da shi kyauta, kuma fayil ɗin bai kai megabait 100 ba, sai dai intanet ɗin ajin ya yi nauyi, don haka mutum ɗaya ya saukar muka rarraba ta filashi. Bayan na saka, malaminmu ya ce kowa ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni ya rubuta go version, sai tawa ta amsa cewa ba ta san wannan umarni ba. Na cire na sake sakawa har sau biyu gumi yana keto mini, alhali matsalar ita ce allon umarnin yana buɗe tun kafin in saka Go, bai ga sabon sauyin da aka yi wa jerin wuraren da Windows take neman manhajoji ba. Da na rufe shi na sake buɗewa sai lambar sigar ta fito. Daga nan muka saka VS Code domin rubutu, kowa ya buɗe folda, ya rubuta go mod init tare da sunan aikinsa, muka tashi.

A zama na biyu malam ya yi bayanin abin da ake nufi da harshe mai kwamfaila. Kwamfuta ba ta jin Go, ba ta jin Python, umarnin injinta kawai take ji, don haka dole a sami mai fassara a tsakani. A Python akwai manhajar da take zaune tare da rubutunka tana gudanar da shi a lokacin da ake aiki, kuma kuskuren nau'i ba ya bayyana sai an iso kan layinsa. A Go kuwa kwamfaila tana karanta rubutun duka tun daga farko har ƙarshe, ta auna kowane layi, idan ta gamsu sai ta fitar da fayil guda na harshen inji, idan ba ta gamsu ba ba za ta fitar da komai ba. Ni a zuciyata na kwatanta abin da ƙirga dila kafin mota ta bar Kwari, maimakon sai ɗan sari ya isa Maraɗi ya kwance kaya sannan ya bugo waya yana cewa turmi uku babu. Malam ya ƙara da ɗan tarihi: a kamfanin Google aka ƙirƙiri harshen, mutum uku ne suka faro shi a 2007, wato Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson, aka fito da shi fili a watan Nuwamba na 2009, siga ta 1.0 kuma ta fito a 2012. Ya ce kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa guda 25 ne kacal, kuma hanyar maimaita aiki guda ɗaya ce, wato for. Manhajarmu ta farko ta ƙunshi package main a sama, sai import "fmt", sai func main inda aiki yake farawa. Ni na sauko da bakan buɗewa, wato alamar { da ke biyo bayan func main, zuwa sabon layi domin ya fi mini kyan gani, kwamfaila ta ƙi, domin a Go dole bakan ya zauna a layi ɗaya da sunan aikin. Wannan shi ne karo na farko da ta mayar da ni baya, kuma kafin mako ya ƙare na daina ƙirgawa.

Mako na biyu shi ne na nau'i, kuma a nan na fi shan wahala. Kowane abu da manhaja za ta riƙe ana zuba shi ne a cikin mazubi mai suna, kuma a Go kowane mazubi yana da nau'in abin da yake ɗauka, wanda ba ya sauyawa har abada: int na cikakken adadi, float64 na adadi mai ɗigo, string na rubutu, bool na gaskiya ko ƙarya. Na rubuta var yadi int = 6, na rubuta farashi := 4500.50, na ce a ninka yadi da farashi, sai kwamfaila ta ce nau'o'in biyu ba su dace ba, ɗaya int ne ɗaya float64. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ai duka lambobi ne, ko yaron shago ya san shida sau dubu huɗu da ɗari biyar." Ya ce, "Yaron shago ya san abin da kake nufi, ita kuwa ba ta zato. Idan kana son a mayar da yadin adadi mai ɗigo, kai ne za ka faɗa da bakinka." Sai na rubuta float64(yadi) * farashi, ta wuce. Wani ruɗanin kuma shi ne alamar := wadda take ba ka damar ƙirƙirar mazubi ba tare da ka ambaci nau'i ba. Na ɗauka wannan ƙofa ce ta komawa rayuwar Python, na rubuta adadi := 6, a ƙasa na ce adadi = "shida", ta ƙi. Ashe nau'in yana nan daram, kwamfaila ce ta gano shi daga abin da na fara zubawa, ta kulle mazubin a kansa. A makon ne kuma muka koyi cewa mazubin da aka ambata ba a zuba masa komai ba ba ya zama da tarkace a ciki: adadi yana farawa da 0, rubutu yana farawa fanko, bool yana farawa da false.

Abin da ya fi ƙona mini rai a waɗannan kwanakin shi ne idan ka ƙirƙiri mazubi a cikin aiki ba ka yi amfani da shi ba, ko ka shigo da kunshi, wato tarin ayyukan da aka riga aka rubuta irin su fmt, ta import ba ka taɓa shi ba, Go ba gargaɗi take yi ba, dakatar da kai take yi gaba ɗaya. Saƙon declared and not used na gan shi har ya fara zuwa mini a mafarki. Wata rana a cikin adaidaita sahu a hanyar komawa gida na yanke shawarar idan na biya kashi na biyu na kuɗin makaranta to na yi asara sau biyu. Abin da ya sauya mini ra'ayi ƙaramin abu ne. Na lissafa ragi na ajiye a mazubi mai suna ragi, sannan wajen fitar da jimla na manta ban cire shi ba. Kwamfaila ta ce ga mazubi nan an ƙirƙira ba a yi amfani da shi ba, ta nuna lambar layin. Da Python ce da manhajar ta tashi lafiya lau, ta karɓi cikakken kuɗi daga hannun wanda aka yi wa alkawarin ragi, kuma da sai dai in ji labari daga bakin baffana. Washegari na biya ragowar kuɗin.

Mako na uku da na huɗu mun shiga ayyuka, wato func, inda dole ka faɗi nau'in abin da aiki zai karɓa da nau'in abin da zai dawo da shi. A nan na ga wata ɗabi'a ta Go da ta burge ni: aiki yana iya dawo da abu biyu, sakamako da kuma kuskure. Idan mutum ya buga farashi a allo, rubutu ne yake shigowa, sai a mayar da shi adadi da strconv.Atoi, wanda yake dawo da adadin tare da err, mazubin kuskure, sannan ka rubuta if err != nil, wato idan an sami kuskure, ka faɗi abin da za a yi idan abin bai yiwu ba. Na ɗauka wannan dogon turanci ne kawai, sai da wata ɗaliba da ke zaune kusa da ni, wadda take sayar da turaren wuta, ta gwada manhajata ta buga 4,500 da waƙafi kamar yadda kowa yake rubuta kuɗi, Atoi ya ƙi karɓa. Domin na duba err, manhajar ta ce a sake bugawa maimakon ta ci gaba da sifili. Daga nan muka koyi struct, inda na haɗa sunan kaya da yawan turmi da farashi a ƙarƙashin nau'i guda da na kira Kaya, muka koyi jera su a cikin slice, muka kuma koyi cewa sunan da ya fara da babban baƙi shi ne ake iya gani daga wani kunshi, wanda ya fara da ƙarami kuwa na cikin gida ne. Darasin manuni, wato mazubin da yake riƙe adireshin inda wani abu yake ajiye a kwamfuta, ya ci mini kwana biyu. Na rubuta aikin da zai rage turmi ɗaya daga kaya idan an sayar, yana tafiya ba ƙorafi, amma adadin ba ya raguwa. Dalili shi ne Go tana miƙa wa aiki kwafin abin ne ba asalinsa ba, kamar in yi hoton shafin littafin ciniki in yi gyara a kan hoton in ajiye littafin yadda yake. Idan asalin kake so a taɓa, sai ka miƙa adireshinsa da alamar &, aikin kuma ya karɓa da alamar tauraro a gaban nau'in.

Zuwa mako na biyar na koma ɗaya gefen, na yarda da kwamfaila fiye da kima, ina ganin duk abin da ta bari ya wuce daidai ne, kuma wannan shi ne ruɗanin da nake so mai karatu ya fi kiyayewa. Turmin atamfa yadi shida ne, na raba naira 25,000 gida 6 domin in sami kuɗin yadi, ta ba ni 4166 cif, domin idan int ya raba int ana zubar da abin da ya saura ne ba tare da sanarwa ba. Na gudu wajen float64, malam ya sa na zuba 0.1 a wani mazubi da 0.2 a wani in tara su, sai ga 0.30000000000000004 a allo, saboda kwamfuta tana ajiye irin waɗannan adadi ne da ƙidayar biyu-biyu, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya zama daidai a cikinta. Shawararsa ita ce a riƙa ajiye kuɗi da kobo a cikakken adadi, sai wajen nunawa a mayar da shi naira. Na bi shawarar amma na yi wayo, na zaɓi int32 wai don in rage wa tsohuwar kwamfutata nauyi. Da na zuba cinikin wata guda na lokacin gab da sallah domin gwaji, jimla ta fito da alamar ragi a gabanta, kamar ana bin shagon bashi. Iyakar abin da int32 yake ɗauka shi ne 2,147,483,647, wanda idan kobo ne bai kai naira miliyan 21 da rabi ba, kuma da lissafi ya haura wannan sai ya zagayo ta ƙasa ba tare da ko tari ba. Kwamfaila ba ta da laifi, domin a lokacin da take auna rubutun ba ta san nawa za a yi ciniki ba. Da int64 matsalar ta kau. Haka nan idan jerin kaya guda biyar ne ka nemi na shida ta hanyar lambar da aka lissafo ana cikin aiki, kwamfaila za ta bari, sai manhajar ta faɗi a gaban mai saye.

Akwai kuma wadda ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Ina son rasit ya fito a jere, sai na riƙa auna tsawon sunan kaya da len in cike ragowar da fili. Layin shadda da na leshi suka tsaya daidai, layin ƙyalle ya karkace da gurbi ɗaya. Na ƙirga baƙaƙen da yatsa, shida ne, amma len ta ce 7. Malam ya tsaya a bayana ya yi murmushi ya ce len ba baƙaƙe take ƙirgawa ba, bait take ƙirgawa, wato ƙananan gurabun da kwamfuta take ajiye bayani a ciki, kuma a tsarin ajiye baƙaƙe na UTF-8 da Go take amfani da shi baƙaƙen Ingilishi bait ɗaya-ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu ne. Da na gwada ciro bait na farko kaɗai na kalmar, wata alama marar ma'ana ce ta fito, domin na tsaga ƙ gida biyu. Maganin shi ne nau'in da ake kira rune, wanda yake wakiltar baƙi guda komai yawan bait ɗinsa, ko kuma a ƙirga da utf8.RuneCountInString. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Ken Thompson da Rob Pike ɗin nan dai su ne suka tsara UTF-8 tun a 1992, wato masu harshen ne suka shimfiɗa hanyar da baƙaƙenmu masu lanƙwasa suke bi a intanet. Darussan da na kalla a waya babu wanda ya taɓo wannan, domin misalansu duka da kalmomin Ingilishi ne, inda bait da baƙi suke zuwa daidai.

Makonni biyun ƙarshe na aikin kammalawa ne, kowa ya kawo abin da ya shafi sana'arsa. Na sake rubuta manhajar shago daga tushe, na gabatar a gaban aji, malam ya buga mata rubutu a wurin adadi da adadi a wurin suna yana neman ya kayar da ita, ta tsaya. Sannan na rubuta go build, fayil guda ya fito, na ɗora shi a filashi na kai kwamfutar shago wadda ba a taɓa saka mata Go ba, na danna ya tashi. Da Python sai da na fara saka harshen kansa a kwamfutar kafin komai ya motsa. Baffana ya gyara zaman tabarau ya ce, "To ɗana, wannan ma za ta tsaya mana ranar kasuwa?" Na ce, "Baffa, irin tsayawar da waccan ta yi dai an toshe ta, sauran kuwa sai mun gwada." Ya ce in ci gaba da rubutawa a littafi tare da ita har wata guda, kuma na ga gaskiyarsa. Takardar shaida ta ɗauki mako uku, kuma da na je karɓa aka ce ba a ga shaidar biyana na farko ba. Rasit ɗin hannun nan da na ninke a bayan fom shi ya raba gardama.

Wanda zai fara, ya tambayi ranar buɗe aji kafin ya biya, ya tafi da hotunansa, kada kuma ya ci bashi domin sayen babbar kwamfuta. Idan jan rubutu ya cika allo, ya karanta saƙo na farko kawai, ya duba sunan fayil da lambar layi, ya gyara shi ya sake gwadawa, domin sau da yawa kuskure ɗaya ne yake haifar da biyar na ƙasansa. Ya riƙa kiran kwamfaila bayan kowane layi biyar ko goma, ba sai ya cika shafi ba, ya kuma bar gofmt ya daidaita masa tsarin rubutu maimakon ya ɓata lokaci a kansa. Kafin ya ƙirƙiri kowane mazubi ya tambayi kansa wane irin abu zai shiga ciki da kuma iyakar girman da zai iya kaiwa, musamman idan kuɗi ne. Ya kuma raba kurakurai gida biyu a ransa: waɗanda kwamfaila take kamawa, irin su haɗa nau'in da bai dace ba da kiran sunan da babu shi, da waɗanda sai gwaji da bayanan gaske yake tono su, irin su rabon da ya zubar da saura da adadin da ya cika ya zagayo da sunan kaya mai ƙ. Na biyun nan na fi samun su ne da na ɗauko tsohon littafin shago na zuba cinikin watanni uku na baya ina kwatanta jimla da jimla. Yanzu saura mako ɗaya watan gwajin da baffana ya yanka ya cika, kuma bambanci ɗaya da aka samu tsakanin littafi da manhaja na naira 500 ne, wanda da muka bi diddigi a littafin aka yi kuskuren tarawa.